Kujerar Walƙiya

Yayana ne ya laƙaba wa 'yarsa suna Walƙiya, ni kuwa tun ranar farko sunan bai kwanta min ba. Na gaya masa, ya ce daman bakina bai saba faɗin alheri ba. Na ce to, naka ya saba, Allah ya ba da sa'a.

Tun tana ƙaramar firamare abin ya fara. Yaya mai gyaran wutar mota ne, kullum da safe shi ke ɗora ta a bayan babur ya kai ta makaranta kafin ya wuce gareji. In danja ta tsayar da su, sai ya karanto lambar motar da ke gabansu, ya raba ta gida biyu, ya ce, "Ninka min." Kafin a ba su hannu ta faɗi amsa. In ta je garejin ranar da ba makaranta, sai ya tara masu kawo gyara, kowa ya ciro waya yana dannawa, ita kuwa tana tsaye kan tsohon batir tana riga su. A yi ta tafi. Yaya ya washe baki har kunne, ya ce, "Kun gani? Ko tunani ba ta yi. Gani kawai take."

Daga baya uwarta ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Mace ce mai sanyin hali, ba irina ba. Ni aurena ya daɗe da mutuwa, sai na kwaso kayana na dawo gidan don in riƙe yarinyar, shagona na ɗinki kuma daman a bayan layinsu yake. Yaya ya zama kamar ba shi ba. Ya dawo daga aiki, ya wanke baƙin mai a hannunsa, ya ci abinci, ya zauna yana kallon bango. In ka yi masa magana sai ka maimaita. Lokaci ɗaya ne fuskarsa ke buɗewa: in ya jefa wa 'yar lissafi ta cafe tun bai sauka ba. Yarinya kuwa ba makauniya ba ce, ta lura.

Tana aji biyu na ƙaramar sakandare aka zaɓe ta zuwa ajin yara masu baiwa. Aji ne na yamma, bayan an tashi, kujeru kaɗan ne a ciki, yara kuma da yawa suna layi suna jiran a cire wani su shiga, domin daga nan ake ɗaukar waɗanda za su babbar makarantar kimiyya. Ranar da ta kawo labarin Yaya ya yi dariya har na ga haƙorin da ya karye masa tun muna yara. Na manta rabon da in gan shi.

Ba a yi zango guda ba malamin ajin ya aiko yana son ganin wani daga gida. Walƙiya ni ta gaya wa, a shago, murya ƙasa-ƙasa, ta ce Baba aiki ya yi masa yawa. Na rufe shago na tafi da shirin faɗa, domin ni zuciyata a kusa take, kuma ba na son a taɓa min ita.

Malamin dogo ne siriri, rigarsa duk ƙurar alli. Yara suna kiransa Malam Sannu, wai don kullum abin da ke bakinsa ke nan, "Sannu, ina za ka da sauri haka?" A bakin ƙofar ajinsa akwai wani gwangwanin madara cike da roba ta goge rubutu. Duk wanda zai shiga sai ya jefa tasa a ciki. Ya ba ni kujerar yara, na zauna gwiwoyina suna tokarar tebur.

"Ke ce gwaggonta?"

"Ni ce. Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Matsalar ke nan."

Ya ajiye min takardu a gabana. Kowace da sunanta a sama, da rubutunta mai kyau kamar bugun inji, ƙasa kuma fari fat. Sai ya jawo na wasu yaran. Kai, ka ce kaji ne suka yi tsere a kai, an rubuta an soke, an zana an karce, wani har takardar ta huje.

Na ce, "To ai nata ya fi tsafta."

Bai yi dariya ba. Ya ce a ajinsa tambaya ɗaya yake bayarwa a mako, irin wadda ba a ganin amsarta da ido, kuma ba amsar yake yi wa maki ba. Hanyoyin da yaro ya bi ya ɓata, su yake son gani, shi ya sa ya hana gogewa. Ya ce, "Yaran nan masu baiwa kusan dukkansu suna da wannan ciwon, wani kaɗan wani da yawa. Tun suna ƙanana amsa ke zuwa musu da ƙafarta, ana yi musu tafi. Ran da ta ƙi zuwa, ba su san yadda ake fita nemanta ba. Wasu su yi fushi, wasu su ce tambayar ce ba daidai ba. Taku ita shiru take yi. In ta kalli tambaya ba ta gani ba nan take, sai ta kife biro ta naɗe hannu har a tashi. Ta gwammace a ce ba ta yi ba da a ce ta yi ta kuskure."

Na ce, "Kai ma dai, Malam, yaro ya san abu ka ce sai ya nuna maka inda bai sani ba? Wannan wane irin karatu ne?"

"Ke in kin ɗauki mai koyon ɗinki, ta ƙi taɓa almakashi don kar ta ɓata yadi, yaushe za ta iya yanka?"

Ashe yarinyar ta gaya masa sana'ata. Na yi tsaki a raina, don ya kama ni.

Ya ce ba zai iya riƙe mata kujera tana zaune kamar hoto ba, alhali wasu na waje suna leƙe ta taga. Ya ba ta tambaya ɗaya, zuwa ƙarshen wata. Ko ba ta samu amsa ba, in ta kawo masa takardun da ta yi fama a kai, kujerarta na nan. In ta zo da farar takarda, ko da amsa tsirara ba hanya, zai ba wani.

Da ta dawo shago da yamma na sa ta gaba. Na yi mata tas. Na ce uban wa take jin kunya a ajin, na ce kan nan nata da ake taƙama da shi ado ne? Tana tsaye jikin teburin yanka tana murza wani guntun zare a yatsa. Sai da na gaji na yi shiru sannan ta ce, "Gwaggo, abin ya tafi."

"Me ya tafi?"

"Da in na kalli lissafi amsar tana nan zaune. Yanzu in na kalli na Malam ba na ganin komai. Duhu kawai. Ina jin ya ƙare min ne."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. 'Yar shekara goma sha uku, ta ɗauka baiwa kamar man babur ce, ana tafiya sai ya ƙare. Na jawo ta na rungume, ta ce a cikin kafaɗata, "Don Allah kar ki gaya wa Baba."

Na yi mata alkawari. Amma ni da baki, kun san ba a raba mu. Da magariba muna cin abinci, ita tana kicin tana wanke tukunya, sai na yi wa Yaya hannunka mai sanda. Na ce, "Yaya, wannan tambayoyin gaggawa da kake mata, ka riƙa sassautawa. In wata rana ta kasa fa?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi. "Ba ta kasawa."

"Mutum ce fa."

"Ke ba ki gane ba." Ya ajiye cokali. "Komai nawa ya lalace. Matata ta tafi, aikin ma ga shi nan dai. Ita kaɗai ce abin da Allah ya bar min da bai taɓu ba. In na ji ta ba da amsa tun ban rufe baki ba, sai in ji akwai sauran abu ɗaya a duniya da ke aiki yadda ya kamata."

Ƙarar kankare tukunya ta tsaya a kicin. Ta ɗan jima kafin ta ci gaba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, na rasa wanda zan fara da shi, sai na kwashe kwanuka.

Washegari daga makaranta ta zarce shago, ta zauna a kan buhun ƙyallaye a bayan keken ɗinki, inda ba a hango ta daga titi. Ta fito da tambayar. Ni ma na gane ta, abin da ya ba ni mamaki, don na zaci zan ga wasu ƙugiyoyi da haruffa. Daɓen ɗaki ne aka zana, an raba shi gida-gida, takwas a tsaye takwas a kwance. An cire gida ɗaya a kusurwar sama ta hagu, an cire ɗaya a kusurwar ƙasa ta dama, saura sittin da biyu. Ga tayil dogaye, kowane yana rufe gida biyu da ke manne da juna. Za a iya rufe ɗakin duka da tayil talatin da ɗaya, ba a fasa ko ɗaya ba?

Na ce, "Wannan ne ya hana mu barci? Sittin da biyu a raba biyu ai talatin da ɗaya ne. Jera su kawai."

"Ni ma haka na ce," in ji ta.

Ta ɗauki biro kamar an ba ta garwashi. Ta zana, ta fara jerawa. Da ta kai ƙarshe sai gida biyu suka rage, ɗaya nan ɗaya can, ba su haɗu ba. Ta duƙunƙune takardar za ta jefar, na ƙwace, na miƙe ta da hannu, na sa a ƙarƙashin tabarmar guga. Na ce, "Mutumin nan shara ya ce yana so, shara za mu tara masa."

Kwanakin farko ba daɗi. Ta zana, ya ƙi, ta jefar da biro. Ta ce Malam mugu ne. Ta ce ita daƙiƙiya ce, daman can sa'a ce take yi. Wata rana ta buga kanta da bango har na daka mata tsawa, mai kawo ɗinki ta tsorata ta ɗauka da ita nake. Na ba ta ragowar yadi da almakashi na ce ta yanka tayil ɗinta ta daina cinye min takardun awo. Ta yanka, ta zana ɗakin da allin ɗinki a kan teburin yanka, ta riƙa jera ƙyallaye tana kwashewa. Ta fara daga tsakiya. Ta fara daga gefe tana zagayawa kamar katantanwa. Kullum gida biyu ke saura, suna kallon juna daga nesa. Duk jerin da ya ƙi sai ta kwafe shi a takarda ta soke, ni kuma in adana.

Ban san ranar da abin ya juya ba, na dai lura kuka ya ragu. Ta fara magana ita kaɗai. "To in na sa ka nan fa? A'a, kai ma munafuki ne." Na ajiye mata shayi da burodi, shayin ya huce, ƙuda ya faɗa. Ta daina ɓoyewa a bayan keke, ta mamaye min tebur, sai da na riƙa roƙonta wuri in yanka rigar mutane. Ta bar babban ɗakin ta koma zana ƙanana, huɗu da huɗu, ta ce bari ta ga ko ƙaramin zai yarda. Shi ma ya ƙi. Maimakon ta yi fushi sai ta yi dariya, ta ce, "Gwaggo, shi ma ɗan ƙaramin halin ubansa ne da shi." Ni tun rasuwar uwarta ban ji ta yi irin wannan dariyar ba, dariyar da ba don wani ya ji aka yi ta ba. A gida kuwa ba abin da ya canja. Da safe Baba ya karanto lamba, ta cafe, ya ji daɗi, su tafi.

Ana saura kwanaki kaɗan wata ya ƙare wata mata ta kawo yadin labulen kicin, mai gida-gida, baƙi da fari. Na shimfiɗa shi a tebur zan auna, ƙyallayen Walƙiya suna gefe. Ta ɗauki ɗaya tana wasa da shi, ta ɗora kan yadin. Ta ɗaga, ta juya shi, ta sake ɗorawa. Na ce ta matsa min, ba ta ji ba. Na ga leɓenta yana motsi, yatsanta ya tafi kusurwar sama, ya gangaro ta tsakiya zuwa kusurwar ƙasa.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "ba zai yiwu ba."

"To sai ki haƙura, ki kai masa takardun."

"A'a. Amsar ke nan. Ba zai taɓa yiwuwa ba, kuma na san dalili."

Ta jawo ni da hannu biyu. Ta ce in duba, duk inda ka ɗora tayil, a tsaye ko a kwance, baƙi ɗaya yake rufewa da fari ɗaya, don baƙi ba ya maƙwabtaka da baƙi. To tayil talatin da ɗaya, baƙi talatin da ɗaya za su ci da fari talatin da ɗaya. Amma kusurwoyin nan biyu da aka cire launinsu ɗaya ne, dukkansu fari. Ke nan baƙi ya fi fari da biyu. Ko za ka shekara kana jerawa, baƙaƙen nan biyu za su rage maka.

Wallahi na gane. Ni da lissafina bai wuce tsawon hannu da faɗin ƙirji ba, na gane. Ta riƙa zagaye shagon tana riƙe da kai, tana cewa, "Shi ya sa. Shi ya sa kullum biyu." Na rasa abin da zan yi mata, sai na cusa mata burodi a baki. Mai labule ta dawo washegari ta tarar ban taɓa aikinta ba, ta yi ta masifa, ko a jikina.

Ranar da za mu kai wa Malam na goge mata kayan makaranta da kaina. Na tattara takardun daga ƙarƙashin tabarmar guga, sun yi tudu kamar ƙaramin matashi, na ɗaure da zare na sa a jakata. Muka yi da ita zan same ta a makaranta bayan an tashi.

A bakin ƙofar makarantar na ga babur ɗin Yaya. Yana tsaye da kayan aiki, hannu duk baƙin mai, fuska a murtuke. Ashe uban wani yaron ajin ne ya kai masa mota gyara, yana ta surutu har ya ce, "Ashe 'yarka za a cire?"

"Kin sani kika ɓoye min," ya ce.

"Yaya, ka bari mu shiga tukuna. An riga an gama komai."

"Zan ga malamin da zai ce 'yata ba ta iya ba."

Muka shiga. Yaran sun watse, Walƙiya ce kaɗai a ajin da Malam Sannu. Da ta ga ubanta sai ta miƙe tsaye, idonta ya zo kan jakata ya koma kansa. Malam ya gaishe shi da mutunci, ya ce ya zo a daidai, ya zauna ya gani da idonsa. Ya miƙa mata alli.

Ta je allo. Ta zana ɗakin, ta cike gida ɗaya ta tsallake ɗaya, ta yi bayani kamar yadda ta yi min. Da ta gama Malam ya ƙare wa allon kallo. Sai ya juyo wurin Yaya, fuskarsa cike da murna, bawan Allah bai san ramin da zai taka ba.

"Daidai ne. Kuma ka san abin da ya fi burge ni? Wata guda cur tana fama da wannan tambayar. Na ga allin ɗinki a yatsunta, na ga idonta. Ta faɗi ta tashi, ta faɗi ta tashi, har ta kai. Yau na san ina da ɗaliba."

Na juya ina murmushi in ga Yaya. Murmushin ya maƙale min. Fuskarsa ta saki, kafaɗunsa suka sauka, ya koma mutumin nan mai kallon bango. Ya dubi allon, ɗan zanen da bai fi tafin hannu biyu ba, ya dubi 'yarsa.

"Wata guda?" ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗan ne. "A kan wannan?"

Ta kalle shi.

"A'a, Baba. Mantawa na yi da ita. Jiya na duba, nan take na gani."

"Ke," na ce, na kai hannu kan zif ɗin jakata. Kafin in ja ta iso, ta tsaya a gefena, ta ɗora hannunta kan nawa ta danne. Ba ta dube ni ba. Ni da ban taɓa haɗiye magana don wani ba, sai na saki zif ɗin.

Malam ya dubi hannayenmu, ya dubi jakar da ta kumbura. Ya gane, ba yaro ba ne. Ya sassauta murya ya ce, "Sannu, 'yata. Ba abin kunya ba ne. Ni kaina da aka fara ba ni ita na daɗe ban gano ba. Ina takardun da kika gwada?"

"Babu, Malam."

"Ko guda ɗaya?"

"Ban gwada ba. Gani kawai na yi."

"Kin san sharaɗina. Amsa ba hanya ba na karɓa, don ban san daga ina ta fito ba, kuma abin da na yi wa sauran shi zan yi miki. In akwai takardu, kujerarki na nan. In babu, gobe zan miƙa sunan wani." Ya ɗan jira. "Har gobe da safe ƙofata a buɗe take."

"Babu," ta sake cewa.

Yaya ya miƙe, jini ya dawo masa fuska. Ya ce, "Ka ji ko, Malam? Kai so kake yaro ya wahala kafin ka yarda ya iya. Tawa ba haka take ba. Laifinta ke nan, ta fi ƙarfin tambayarka. Ka riƙe kujerarka." Ya dafa kanta da hannun nan mai baƙin mai, ya ce, "Mu je, Walƙiya." Ya fita gaba yana taku kamar wanda ya ci shari'a.

Malam ya juya wurin allo. Ya ɗauki tsumma zai share allon, sai ya fasa, ya ajiye.

A farfajiya na fizge hannuna. Na ce mata ƙasa-ƙasa, haƙorana a cije, "Ba ki da hankali ne? Gobe da sassafe ni zan kawo su da kaina, ubanki ba sai ya sani ba."

"Zai sani, Gwaggo. A gabansa aka faɗi sharaɗin. In aka mayar da ni ya san akwai takardu."

"To ya sani mana. Mutuwa zai yi?"

"Kin ga fuskarsa ɗazu."

Na gani. Na ce mata zai warke, manya suna warkewa, ita ce ba za ta sake samun kujerar ba. Ta ce ta sani. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta. Na ƙi. Ta tsaya tana kallona da idon uwarta, ba kuka ba roƙo, har na buɗe jakar. A gefen ƙofar makaranta akwai durom ɗin shara da masu share aji ke zuba ƙura da ɓawon lemo. Ta kwance zaren, ta miƙo min abina, ta zuba takardun a ciki, ta sa hannu ta tura su ƙasa don kar iska ta ɗauka.

Can gaba Yaya yana ta buga babur, ya ƙi tashi, yana yi masa faɗa cikin nishaɗi. Ni kuwa kuka nake, a tsakiyar titi, da girmana, ina jin haushin kowa: shi, da malamin da gaskiyarsa, da masu tafin gareji, da ita kanta.

Ta goge hannunta a siket. Ta matso kusa da ni yadda ba zai ji ba.

"Gwaggo, kin san wani abu? Tunda nake lissafi ban taɓa jin daɗinsa ba sai a watan nan. Da ban san yana da daɗi ba."

Babur ya tashi. Ubanta ya ƙwala mata kira, ta amsa da sauri, ta gyara jakarta a baya ta ruga ta hau. Ni na taka da ƙafa na koma shago, akwai labulen mutane da ban gama ba.